Giɓin oksijin a anatas: me ya hana ilaktoron biyun zama a kan Ti?

Bintu_Fiz:

Assalamu alaikum malamaina. Ina lissafin lahani (atam da ya ɓace ko baƙon atam a cikin tsari) a TiO2, wato oksaid ɗin titaniyam, nau'in anatas, da manhajar lissafi ta VASP, kuma abu uku sun ƙi daidaita.

Ga yadda na tsara: babban akwati 2×2×1 na sel ɗin da aka saba, wato atam 48, fankshinal (ƙa'idar ƙiyasta makamashin ilaktoron) PBE zalla, ENCUT 400, ragar k 4×4×3, ISPIN=1, ban taɓa ISYM ba.

Da na cire oksijin ɗaya na bar atam suka zauna, DOS, wato zanen yawan matsayan ilaktoron a kowane makamashi, bai nuna komai a cikin ratar makamashi ba. Matakin Fermi ya haye cikin zangon gudana kamar na ƙarfe, alhali takardun da nake karantawa suna nuna matsayi kusan 1 eV ƙasa da gindin zangon. Da na sa naitirojin (N) ta maye gurbin oksijin (O) kuma, ratar ta tsuke sosai, har ina shakkar ko gaskiya ne. Na uku, makamashin samuwar giɓin da na samu ya bambanta da na takardu da fiye da 1 eV, su ma takardun bakinsu bai zo ɗaya ba. Kwamfutar da nake da dama a kanta mai koa (core) 32 ce. Ta ina zan fara gyara?

Garba_Kimiyya:

Wa alaikumus salam, Malama Bintu. Lissafinki bai lalace ba, abin da PBE ke bayarwa ke nan.

Idan aka cire oksijin ɗaya ba tare da an canza caji ba, yana barin ilaktoron biyu. Abin da ake nema shi ne ilaktoron ya zauna kan titaniyam ɗaya ya mai da shi Ti3+, oksijin da ke kewaye su ɗan ja da baya, wannan ja da bayan kuma ya riƙe shi a wurin. Kamar wanda ya kwanta kan tsohuwar katifa ne, nauyinsa ya yi kwari, kwarin ya hana shi mirginawa. Shi ake kira ƙaramin folaron. PBE kuwa tana da ciwon da kowa ya sani: ilaktoron yana jin tunkuɗar cajin kansa, don haka ya fi masa sauƙi ya watsu kan dukkan Ti ɗin akwatin. Ga kuma rata: PBE tana ba anatas kusan 2.1 eV, awo a dakin gwaji yana ba da 3.2. Gindin zangon gudana ya sauko ƙasa har ya haɗiye wurin da matsayin ya kamata ya fito.

Amma sa U kaɗai, wato gyaran da ake ƙara wa obital d na Ti don rage wannan ciwon, ba zai warware miki ba, domin akwai abu biyu a fayil ɗin saitunanki na INCAR da suka ɗaure ilaktoron ɗin. ISPIN=1 ya tilasta musu zama bibbiyu a obital ɗaya, Ti3+ kuwa ilaktoron ɗaya ne tilo. Simetiri kuma yana tilasta wa Ti masu kama da juna su raba cajin daidai wa daida, ko da hakan ba shi ne mafi ƙarancin makamashi ba.

Ki fara daga ƙaramin sel mai atam 12. ISIF=3, ENCUT 520, fayil ɗin Ti_sv mai ilaktoron 12 ko aƙalla Ti_pv mai 10. Kada ki yi amfani da Ti mai 4, a oksaid yana ba da tsawon haɗi da ba a yarda da shi. Ki sa U tun daga nan, domin U tana ɗan kumbura sel, kuma dole girman da za ki gina babban akwati da shi ya fito daga fankshinal ɗin da za ki yi lahanin da shi. Awo ya ba da a = 3.785 Å, c = 9.51 Å, naki zai ɗan haura haka, ba komai.

Sai ki gina 3×3×1, atam 108, kusan 11.4 × 11.4 × 9.5 Å. Daga nan ISIF=2, girman akwati ba ya sake motsi. Saituna: ISPIN=2, ISYM=0, LDAU=.TRUE., LDAUTYPE=2 (tsarin Dudarev ke nan), LDAUL = 2 -1, LDAUU = 4.2 0, LMAXMIX=4, LORBIT=11, ISMEAR=0 da SIGMA 0.05 ko ƙasa, EDIFFG=-0.01. Wannan 4.2 ita ce Morgan da Watson suka yi amfani da ita. LMAXMIX ɗin nan ana yawan mantawa da shi, rashinsa kuma yana sa madaukin SCF, wato maimaita lissafin ilaktoron har ya daidaita, ya yi ta yawo ya ƙi tsayawa.

Yanzu ga inda aikin yake. Ki zaɓi Ti biyu da kike so ilaktoron su zauna a kai. Ki tura oksijin da ke maƙwabtaka da kowanne waje da 0.05 zuwa 0.1 Å (haɗin Ti–O a anatas 1.93 ne da 1.98 Å). Ki ba waɗannan biyun MAGMOM 1, sauran sifili, NUPDOWN=2. Idan ya ƙi kamawa, akwai dabara: ki sa fanadiyam a wuraren biyu na ɗan lokaci ki rage NELECT, wato jimillar ilaktoron, yadda ya dace, ki bar tsari ya zauna, sannan ki mai da Ti ki ci gaba daga wannan tsarin. Wasu kan sa U babba, kamar 8, su samu kwarin, sannan su sauko 4.2 da WAVECAR ɗin da suka samu. In duk waɗannan sun gaza, akwai ƙarin da Allen da Watson suka fitar a 2014 mai ba ki damar kulle cikar obital na d da hannu.

Alamar an dace: maganaɗisu 0.8 zuwa 0.9 μB kan kowane Ti ɗin da kika zaɓa, haɗin da ke kewaye ya tsawaita, DOS ya fito da tsini a cikin rata. Ki zana cajin matsayin da LPARD ki gani da idonki cewa siffar obital d ce kan atam ɗaya.

Kada ki tsaya kan tsari ɗaya. Giɓin yana da Ti uku a gefensa. Ki gwada ilaktoron biyun kan na kusa, ki gwada ɗaya kusa ɗaya nesa, ki gwada NUPDOWN=0. Duk za su tsaya su ce miki sun kammala, amma makamashinsu ya bambanta, wani lokaci da kaɗan ƙwarai. Wannan na cikin dalilan da suka sa takardu ba su yarda da juna ba.

Zulai_QE:

Dakta Garba ya gama da batun giɓi, bari in taɓa na naitirojin.

Tsukewar da kika gani rabi gaskiya ce, rabi aikin akwati. N ɗaya cikin oksijin 32 ya haura kashi 3 cikin ɗari, kuma tana ganin hotonta a akwatin maƙwabta a nisan 7.6 Å kacal. Matsayinta na 2p yana haɗuwa da na hotunan ya yi faɗi ya manne da saman cikakken zango, sai ki ɗauka ratar ce ta ragu. A akwatin 108, N ɗaya cikin 72 ce, kusan kashi 1.4.

Ban da haka, N tana da ilaktoron ɗaya ƙasa da O, jimillar ilaktoron ɗin akwatin ta zama mara, wato ba ta rabuwa biyu daidai. ISPIN=1 a nan kuskure ne kai tsaye, domin yana raba ilaktoron ɗin gida biyu. Da sifin za ki ga maganaɗisu 1 μB, yawancinsa kan N, da matsayi ɗaya da ba kowa a cikinsa a cikin rata.

Tarihin muhawarar ke nan ma. Asahi da abokan aikinsa na cibiyar binciken Toyota, a 2001, sun fassara shan hasken da ido ke gani da cewa 2p na N ya gauraya da na O ya tsuke rata. Daga baya Di Valentin, Pacchioni da Selloni suka nuna matsayai ne keɓaɓɓu a saman cikakken zango: kusan 0.14 eV ga N mai maye gurbi, kusan 0.73 eV ga N ta kutse, wadda ke maƙale da oksijin ta yi NO. Sun kuma nuna kasancewar N tana karya farashin giɓin oksijin daga wajen 4.2 eV zuwa wajen 0.6 eV, saboda ilaktoron biyun da giɓi ya bari suna faɗawa cikin matsayan N da ke jiran su. Ke nan in kina son abin da ke kama da samfurin dakin gwaji, dole ki lissafa N biyu da giɓi ɗaya tare, ki kuma gwada nisa daban-daban tsakaninsu. A wannan tsarin maganaɗisu yana ɓacewa, Ti3+ ma babu.

Wurin kwatanta zane biyu na DOS, kada ki daidaita su da sifilin da VASP ta ba ki. Ki daidaita da matsayi mai zurfi na atam da ke nesa da N, misali 3s na Ti. Da yawa daga "ratar ta ragu" da ake gani sifili ne ya gusa.

U kan d na Ti ba ta taɓa ramin, wato matsayin da ba kowa a cikinsa, da ke kan 2p na N ko O. In ramin ne damuwarki, sai U kan p ko fankshinal mai gauraye.

Injiniya_Mamman:

Da girmamawa, Dakta, ban yarda a miƙa mata 4.2 kamar lamba ce da ta sauko daga sama ba, musamman a anatas.

Rutayil, wani nau'in TiO2, da anatas ba halinsu ɗaya ba. A rutayil ilaktoron na ƙari yana kama kansa ya zama ƙaramin folaron ko babu lahani kusa. A anatas mai tsabta ya fi son watsuwa, sai kusa da lahani yake tsayawa. Aikin Setvin da mutanen Biyana (Vienna) na 2014 ya nuna haka da STM, na'urar ganin atam a saman abu, tare da lissafi, kuma U ɗin da suka fitar ta hanyar cRPA kusan 3.9 ce ga rutayil, 4.1 ga anatas. Kun ga muna tsaye ne a bakin iyaka, ɗan ƙari kaɗan yana juya amsa. Shaida mafi ƙarfi ita ce nayobiyam (Nb). Furubayashi da abokansa sun nuna a 2005 cewa siririn fim na anatas mai Nb yana gudanar da lantarki kamar ƙarfe kuma haske na ratsa shi, juriyarsa 2 zuwa 3 × 10⁻⁴ Ω cm. Rutayil mai Nb ba ya haka. To in ka matsa U ka tura oksijin waje, za ka iya kama ilaktoron ɗin Nb kan Ti a anatas ma, ka rubuta takarda ka ce ba ya gudanarwa, alhali fim ɗin na nan yana gudanarwa.

Shawarata gare ki, 'yar'uwa, kafin ki taɓa giɓi ki yi gwajin nan mai arha. Akwati 108 mai tsabta, ƙara ilaktoron ɗaya (da Ti_sv jimilla 864 ce, ki sa NELECT=865). Lissafa sau biyu: ɗaya ba ki taɓa tsari ba, ɗaya kin tura oksijin kamar yadda Dakta ya ce. Bambancinsu shi ne makamashin kamuwa. Maimaita da U = 3, 3.5, 4, 4.5. Yi haka a rutayil ma, akwati 2×2×3 mai atam 72, ko 3×3×4 mai 216 in kwamfuta ta yarda. U ɗin da ta kama a rutayil ta kuma saki a anatas ita ce ke kusa da gaskiya. Ga wanda ya watsu ki yi amfani da ragar k mai kyau, 2×2×2 aƙalla, domin da Γ kaɗai kina auna gindin zango ne kawai.

Kada kuma ki zaɓi U don ta gyara rata. Sai ta kai wajen 8 zuwa 10 kafin a ga 3.2 eV, a nan kuwa tsari da makamashi sun riga sun karkace. Lambar U ba ta tafiya daga manhaja zuwa manhaja: 4.2 a VASP ba 4.2 ba ce a Quantum ESPRESSO, domin obital ɗin da ake auna cika a kansu daban ne. A can gara a lissafa ta da hp.x.

HSE06, wadda fankshinal ce mai gauraye, ta fi, amma ita ma ba waliyyiya ba ce. Da kashi 25 na gaurayen tana haura ratar awo da kusan 0.4 eV a nau'ukan biyu, shi ya sa Janotti da Van de Walle suka sauko kashi 20 a rutayil don su samu kusan 3.05 eV. Da koa 32 za ki iya: ki gama zaunar da tsari da U, sannan LHFCALC=.TRUE., HFSCREEN=0.2, PRECFOCK=Fast, Γ kaɗai, kan tsari biyu ko uku mafi ƙarancin makamashi. Zai ci kwanaki, ki shirya.

Garba_Kimiyya:

Gwajin ilaktoron ɗayan nan daidai ne, ta yi shi. Inda nake nan daram shi ne kusa da giɓi ana samun kamuwa ko a anatas, don haka sai ta nemi tsarin da ya kama ta kwatanta. Wanda bai nema ba ba zai taɓa sanin ko yana nan ba.

Bintu_Fiz:

Allah ya saka da alheri. Na koma 108 da sifin, ISYM=0, Ti3+ biyu sun fito, tsini ya bayyana a rata. Saura na uku. Ina so in zana makamashin samuwa da matakin Fermi don caji 0, +1 da +2. Wace μ ta oksijin, wato makamashin da ake ba atam ɗin da aka cire, zan ɗauka, kuma wane gyaran caji?

Zulai_QE:

Tsarin lissafin: makamashin akwati mai lahani, a debe na akwati mai tsabta, a ƙara μ ta oksijin da aka cire, a ƙara q, wato cajin, sau jimlar saman cikakken zango da matakin Fermi, a ƙara gyara. Ga NELECT: giɓi mara caji 858, +1 857, +2 856. Na +1 mara ne, NUPDOWN=1.

μ ba lamba ɗaya ba ce, fili ne mai iyaka biyu, kuma nan ne 1 eV ɗinki ta ɓata. Iyakar sama rabin makamashin O2. Iyakar ƙasa kuwa mutane kan ɗauki ƙarfen Ti, wanda kuskure ne. Zafin samuwar TiO2 kusan −944 kJ/mol ne, wato −9.8 eV, da ƙarfe ne iyaka da Δμ ta O ta sauka har −4.9 eV. Amma Ti2O3, mai kusan −15.8 eV, yana fitowa tun kafin nan. Ki haɗa sharuɗɗan biyu, na TiO2 da na Ti2O3, za ki samu iyaka kusan −3.8 eV. Tsakaninsa da TiO2 akwai ma jerin Magnéli irin su Ti4O7. Ke nan giɓi ɗaya yana iya bambanta da kusan 3.8 eV daga wannan iyaka zuwa waccan, dole ki duba wacce kowace takarda ta ɗauka kafin ki kwatanta. Idan samfurin an gasa shi a iskar oksijin, 1000 K da matsi 1 atm suna ba da Δμ kusan −1.1 eV. Ga sinadaran da aka shigar daga waje iyakarsu daban: Nb2O5 da NbO2 ga Nb, N2 da TiN ga N.

O2 ɗin kansa ki lissafa shi a akwati 15 Å da NUPDOWN=2, domin asalinsa sifin biyu ne a jere. PBE tana ɗaure shi fiye da kima, kusan 6 eV maimakon 5.2, don haka ki faɗi ƙarara ko kin gyara ko ba ki gyara ba. Kada ki haɗa makamashin ƙarfen Ti mai U da na oksaid a lissafi ɗaya. Ki fitar da μ ta Ti daga TiO2 kansa.

Gyaran caji. Giɓi mai +2 yana jin hotunansa da kuma cajin bango da manhaja ke zubawa don akwati ya daidaita. Girman abin kusan q²α/2εL ne, inda L faɗin akwati ne, ε kuwa ma'aunin yadda TiO2 ke rage ƙarfin caji. Sa q = 2, α = 2.84, L = 10 Å, da 14.4 eV·Å: da ε = 6 kin samu kusan 1.4 eV, da ε = 30 kusan 0.27 eV. Zaɓin ε kaɗai ya ci fiye da 1 eV. Ƙa'ida: in atam sun zauna bayan an sa caji, ε ta jimilla ce, ta ilaktoron da ta motsin ayon. In tsalle ne na haske da atam ba su motsa ba, ta ilaktoron kaɗai, wadda a anatas ba ta kai 6 ba. Ta jimilla a anatas kusan 45 ce a kwance, 23 a tsayin c. A rutayil kusan 86 da 170 a zafin ɗaki. Tunda ta bambanta da fuska, tsarin Kumagai da Oba na 2014 ya fi dacewa da na Freysoldt, Neugebauer da Van de Walle na 2009 a asalin sigarsa. Manhajojin pydefect da doped duk suna yin sa. Ki duba zanen fotenshal a atam na nesa: in bai kwanta ba, akwatin ya yi ƙanƙanta ko cajin ya watsu. Ti na kutse mai +4 gyaransa ninki huɗu ne na wannan, 108 ta yi masa kaɗan.

In wani caji ya fito da ilaktoron a watse cikin zangon gudana, ba caji 0 ba ne na gaskiya, +2 ne da ilaktoron biyu suna yawo. Kada ki zana masa matakin sauyi.

Injiniya_Mamman:

Ƙari biyu kan na Malama Zulai. Ratar anatas ba miƙaƙƙiya ba ce: gindin zangon gudana yana Γ, saman cikakken zango yana can kusa da gefen yankin Brillouin, kuma a 3×3×1 ba lallai ya naɗo ya faɗo kan Γ ba. Ki samo shi daga ƙaramin sel da raga mai yawa, in ba haka ba duk layukan masu caji za su gusa, na +2 ninki biyu.

In za ki lissafa ε da kanki, IBRION=6 da LCALCEPS, kan sel ɗin da kika zaunar da fankshinal ɗin. A rutayil ki yi hattara: yana da girgiza mai laushi a tsayin c, PBE kuma tana kumbura sel har girgizar ta kusa ko ta zama ta ƙarya, sai ε ta fito lamba mara kan gado. PBEsol ta fi zama lafiya a nan. Ki fara duba jerin girgizar a OUTCAR, in kin ga f/i, alamar girgiza ta ƙarya, ban da ukun nan na tafiyar akwati gaba ɗaya, kada ki yi amfani da wannan ε.